Me ya sa ma'aunin kasuwar hannun jari ke tashi, amma aljihun mai jari bai shaida ba?

A watan Janairun 2024 babban ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya tsallake maki 100,000 a karon farko, kuma tun daga nan labarin cewa kasuwa ta kafa sabon tarihi ya zama ruwan dare a rediyo da jaridu. A Sakkwato masu sauraron wannan labari iri-iri ne. Akwai dattawan da ke riƙe da hannun jarin kamfanin simintin Kalambaina tun yana CCNN. Akwai ma'aikata da malaman makaranta da suka sayi na bankuna lokacin haɗe-haɗen bankuna na 2004 zuwa 2005. Ga kuma matasan da suka shiga kwanan nan ta manhajar waya. Tambayarsu kusan ɗaya ce: in har kasuwa ta tashi haka, don me abin da ke asusuna bai bi ta ba, wani lokaci ma raguwa ya yi?

Amsar tana cikin yadda aka gina ma'aunin, da abin da yake ƙirgawa da abin da yake tsallakewa. Daga nan ne kuma muhawara kan yadda ya kamata a auna kasuwar ta samo asali.

Abin da ma'aunin yake aunawa

Babban ma'aunin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, shi ne wanda ake kira ASI, mai haɗa dukkan kamfanonin kasuwar. An fara shi ranar 3 ga Janairun 1984 da maki 100. Ana lissafa shi ne da darajar kowane kamfani a kasuwa, wato yawan hannayen jarinsa gaba ɗaya sau farashin guda ɗaya. A tara na duk kamfanoni, a kwatanta da jimillar ranar farawa. In aka ce yana maki 100,000, ma'ana farashi ya ninka sau dubu tun 1984, a lissafin naira.

Lambobi biyu ake kawowa a labarai kullum, kuma mutane kan cakuɗa su. Ɗaya jimillar darajar kasuwa ce, da ake faɗa da tiriliyoyin naira. Ɗaya kuma makin ma'auni ne. Ranar da sabon kamfani ya shigo, kamar BUA Foods a Janairun 2022 ko Aradel a Oktoban 2024, jimillar daraja takan yi tsalle, alhali babu wanda ya ƙaru da ko kwabo. Haka abin yake in bankuna suka fitar da sababbin hannayen jari don cika ƙa'idar da Babban Banki ya gindaya a Maris 2024, wadda ta ce banki mai lasisin ƙasa da ƙasa sai ya mallaki jarin naira biliyan 500. Masu lissafin ma'auni suna gyara lambar da suke rabawa da ita don kada irin wannan shigowa ta motsa maki. Saboda haka in kanun labari ya ce masu jari sun ci ribar tiriliyan kaza a rana guda, a fara duba maki. In maki bai motsa sosai ba, sababbin hannaye ne suka shigo.

Kamfanoni kaɗan ne ke jan ragamar

Kamfanonin da ke kasuwar sun kai kimanin 150, amma nauyinsu a ma'auni ya bambanta ƙwarai. Kafin rushewar 2008 bankuna ne suka fi rinjaye. A Maris na shekarar ma'aunin ya haura maki 66,000, ya faɗo zuwa kusan 20,000 a farkon 2009, bai kuma sake taka wancan matsayi ba sai Agustan 2023. Cikin waɗannan shekaru goma sha biyar fasalin kasuwar ya sauya. Dangote Cement ya shigo a 2010, MTN da Airtel a 2019, BUA Cement a Janairun 2020 bayan haɗewar CCNN da kamfanin simintin Obu, sai Geregu a 2022 da Transcorp Power a 2024. Waɗannan manya, su da BUA Foods da 'yan manyan bankuna, su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Ga misali da ƙirƙirarrun lambobi. A ce kasuwa tana da kamfanoni uku. Na farko darajarsa tiriliyan 5, na biyu biliyan 200, na uku biliyan 40. Jimilla tiriliyan 5.24. Yau na farko ya tashi da kashi 10 cikin 100, sauran biyun kowanne ya faɗi da kashi 10. An ƙaru da biliyan 500, an ragu da biliyan 24, ma'auni zai nuna tashin kashi 9. Wanda kuwa ya raba kuɗinsa gida uku daidai-wa-daida a kamfanonin nan ya yi asarar sama da kashi 3 a wannan ranar da ake murna. Kamar a Kara ne ranar da raƙuma da shanu suka yi tsada, awaki suka faɗi: in aka haɗa kuɗin dabbobin kasuwa an ƙaru, amma mai awaki ya koma gida da ragi.

Wani abu kuma ya ƙara ɗaure lamarin. ASI yana ƙirga dukkan hannayen jarin kamfani, har da waɗanda masu kamfanin suka riƙe ba su da niyyar sayarwa. A Dangote Cement sama da kashi 80 cikin 100 suna hannun kamfanin Dangote Industries. A BUA Cement sama da kashi 90 suna hannun Abdul Samad Rabiu da kamfanoninsa. Ƙa'idar kasuwa ta ce a bar wa jama'a aƙalla kashi 20, amma ta ba da zaɓi: in darajar abin da ke hannun jama'a ta kai biliyan 20 a babban allo, inda yawancin kamfanoni suke, ko biliyan 40 a allon manyan kamfanoni, an cika sharaɗi. Kamfani mai darajar tiriliyoyi yana cika wannan da kaso kaɗan ƙwarai.

Sakamakon haka, ciniki ƙanƙani kan sake wa dukiya mai yawa farashi. A 2019 kasuwa ta tsayar da cewa sai an yi cinikin hannaye 100,000 kafin farashin da ake wallafawa ya sauya, kuma iyakar motsi a rana ɗaya kashi 10 ne sama ko ƙasa. Ga hannun jari mai naira 500, cinikin miliyan 50 ke nan. Da wannan miliyan 50 darajar kamfanin tiriliyan 5 za ta iya ƙaruwa da biliyan 500 a takarda. A gefe guda, farashin kan iya tsayawa cak na makonni saboda ƙananan cinikayya ba su kai adadin ba, mai kallo ya ɗauka kwanciyar hankali ce, alhali rashin ciniki ne.

Ma'aunan ɓangarori, da giɓin da suka bari

Don rage wannan ruɗani NGX tana wallafa ƙananan ma'aunai. Biyar ne jaridu suka saba kawowa: na bankuna, na inshora, na kayan masarufi, na mai da gas, da na kayan masana'antu. Akwai NGX 30 mai bin manyan kamfanoni talatin, akwai na fansho, akwai kuma Lotus Islamic mai bin kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci. Sau biyu a shekara ake sake duba kamfanonin da ke cikinsu, sauyin ya fara aiki a farkon Janairu da farkon Yuli.

Shekarar 2024 ta nuna amfaninsu. ASI ya rufe shekarar a maki 102,926, tashin kashi 37.65. A ƙarƙashin wannan lamba ɗaya, ma'aunin mai da gas da na inshora kowanne ya fi ninki, na bankuna kuwa tashinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba. Dalilan kowane ɓangare nasa ne. Sakin farashin naira a Yunin 2023 ya kawo wa bankunan da ke riƙe da dala riba mai yawa, ya kuma jefa kamfanonin da ake bi bashin dala cikin asara, har MTN Nigeria da Nestlé Nigeria suka rufe 2023 da faɗuwa. Sanarwar ƙarin jari ta 2024 ta danne farashin bankuna, domin kowa ya san sababbin hannaye na tafe kuma kason tsofaffin masu jari zai ragu.

Sai dai ma'aunan nan suna da nasu rauni. A cikin biyar ɗin babu na sadarwa, babu na lantarki, babu na noma. Wanda ke riƙe da MTN, ko Geregu, ko Okomu da Presco masu manja, ba shi da abin kwatance a cikinsu. Na kayan masana'antu kuma, in an duba da kyau, siminti ne ya mamaye shi: Dangote, BUA da Lafarge. Mai hannun jari a kamfanin fenti zai ga ma'aunin ɓangarensa ya tashi ba don an sayi fenti ba. Mai BUA Cement kuwa yana kwatanta kamfaninsa ne da ma'aunin da kamfanin nasa ke cikin masu juya shi, don haka kwatancen bai gaya masa abu mai yawa ba. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya jera kamfanonin siminti ukun: ton nawa kowanne ya sayar, nawa ya kashe kan makamashi a kowane ton, nawa ake bin sa da kuɗin waje.

Ra'ayoyi uku kan yadda ya kamata a auna

Masu kare tsarin yanzu suna cewa ASI madubin tattalin arziki ne, kuma kamfanin da ya fi girma dole ya fi nauyi. Suna ƙarawa da cewa jerin lambobi tun 1984 dukiya ce, in aka sauya hanyar lissafi an yanke zaren kwatance. Hujjarsu tana da ƙarfi ga mai binciken tarihin kasuwa.

Masu ra'ayi na biyu suna so a ƙirga hannayen da ke yawo a hannun jama'a kaɗai. Haka manyan masu haɗa ma'aunai na duniya irin su MSCI da FTSE Russell suke yi, haka ma S&P 500 na Amurka. A misalinmu na baya, a ce kashi 5 na kamfanin farko ne a kasuwa, kashi 70 na na biyu, kashi 60 na na uku. Nauyinsu ya koma biliyan 250, 140 da 24, tashin ranar kuma ya sauka daga kashi 9 zuwa kashi 2. Wannan ya fi kusa da abin da mai saye zai iya samu. Matsalarsa ita ce tantance wane ne na ciki: hannayen da ke ƙarƙashin sunan kamfanonin riƙo, ko na dangi, ba kullum ake gane mai su ba. A Najeriya kuma wannan hanya za ta mayar da nauyi kan bankuna, tunda su ne suka fi yawan hannaye a hannun jama'a, sai a fita daga rinjayen siminti a faɗa na banki.

Na uku suna cewa a ba kowane kamfani nauyi ɗaya. Wannan ya fi bayyana halin ƙaramin mai jari da ke da kamfanoni biyar ko shida. Amma a kasuwar da kamfanoni da dama ke kwana ba a yi cinikinsu ba, hannun jari mai kwabo hamsin da ya ƙaru da kwabo biyar zai ja ma'auni daidai da yadda Dangote Cement zai ja shi, kuma ba lallai a sami mai saye a wannan farashi ba.

Babu ɗaya cikin ukun da ya wadatar shi kaɗai. Gyaran da ya fi ma'ana shi ne a wallafa su kafaɗa da kafaɗa, domin tazarar da ke tsakaninsu ita kanta labari ce. In mai cikakken nauyi yana tashi, mai nauyi ɗaya yana sauka, to 'yan kamfanoni kaɗan ne ke ɗauke da kasuwar.

Gyara uku da maki ba ya yi

ASI farashi kawai yake bi, ba ya ƙirga ribar da kamfanoni ke rabawa. Ranar da aka rufe rajistar masu cin riba, kasuwa takan zare kuɗin ribar daga farashi. Hannun jari mai naira 100 da zai biya naira 8 zai buɗe a 92, mai shi kuma ya karɓi naira 7.20 bayan an cire harajin kashi 10. Ma'auni zai nuna faɗuwa, alhali kuɗin ya koma asusun banki ne. Shi ya sa wanda ke riƙe da kamfanoni masu yawan biyan riba yake zaluntar kansa in ya auna da farashi zalla. Ana buƙatar ma'aunin da ke mayar da ribar cikin lissafi.

Na biyu hauhawar farashi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ta kai kashi 34.80. Hanyar lissafi ita ce a raba 1.3765 (tashin ASI) da 1.348 (hauhawar farashi), a sami 1.02. Wato wanda jarinsa ya bi ASI sau da ƙafa a 2024, ƙarfin sayensa ya ƙaru da kusan kashi 2 ne kacal kafin a haɗa ribar da aka raba masa. Wanda ke bankuna kaɗai, farashin hannayensa bai kamo tsadar kaya ba.

Na uku canjin kuɗi, kuma wannan ya shafi Sakkwato kai tsaye. Ɗan kasuwar da ke saro kaya ta Illela da sefa yake lissafi, mai tara kuɗin kujerar Makka kuma dala ce ke yanke masa hukunci. A kasuwar hukuma dala ta rufe 2023 a kusan naira 900, ta rufe 2024 a sama da 1,500. Da wannan lissafi tashin kashi 37.65 ya koma ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Masu jari na waje sun daɗe da sanin haka. Wahalar fitar da dala ce ta sa FTSE Russell ta cire Najeriya daga rukunin ƙananan kasuwanni masu tasowa a Satumban 2023, MSCI ma ta ware ta gefe a Fabrairun 2024.

Ga mai gudun riba ta ruwa

Da yawa daga masu jari a wannan yanki ba sa sayen hannun jarin bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa, ko na inshora ta gargajiya, ko na giya. Irin wannan mutum in ya auna kansa da ASI, yana gasa ne da kwandon da ya riga ya haramta wa kansa wani sashe nasa. Ma'aunin da ya dace da shi shi ne Lotus Islamic, wanda aka ƙaddamar a 2012. Tantancewarsa hawa biyu ce: a duba sana'ar kamfani, sannan a duba yawan bashinsa mai ruwa da kuɗin da yake samu ta hanyar ruwa. Saboda hawa na biyun, kamfanin da sana'arsa halal ce yana iya fita daga jerin in bashinsa ya yi yawa, don haka jerin bara ba hujja ba ce bana.

A kula kuma da ma'aunin kayan masarufi. Sunansa yana kawo sukari, gishiri da madara a rai, amma kamfanonin giya suna cikinsa. Akwai asusun da ake saye a kasuwa masu bin ma'auni gaba ɗaya, kamar na Vetiva masu bin ɓangarori da Lotus Halal mai bin na Musulunci. Kafin a sayi kowanne, a karanta jerin kamfanonin da ke ciki.

Wannan ya shafi har waɗanda ba su taɓa zuwa wurin dillali ba. Ma'aikatan tarayya da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwa, da ma'aikatan kamfanoni masu asusun fansho, wani kaso na kuɗinsu yana cikin hannayen jari. Tun 2018 aka raba asusun fansho aji-aji gwargwadon yawan kasada, daga baya aka ƙara na shida marar ruwa. Mai asusu na uku, da mafi yawan kuɗinsa ke takardun bashin gwamnati, bai kamata ya sa ran ganin tashin ASI a takardar bayanin asusunsa ba.

Abin da mai jari zai iya yi da littafi da biro

Tun kafin manhajoji su gyaru, ana iya haɗa ma'auni na kai. A ɗauki takardar CSCS, kamfanin da ke ajiye rajistar hannayen jari, a kasa hannayen jari ɓangare-ɓangare, a fitar da kason kowanne a farkon shekara. In kashi 60 siminti ne, kashi 40 kayan masarufi, kuma ma'aunin masana'antu ya tashi da kashi 20, na masarufi da kashi 5, abin kwatancen shi ne 12 a tara da 2, wato 14. Wanda ya sami 16 ya yi zaɓi mai kyau ko da ASI ya tashi da 30. Abin da ya rasa ya fito ne daga ɓangarorin da bai shiga ba, kuma wannan shawara ce dabam.

Kowace Juma'a a rubuta makin ɓangare, a raba shi da makin ASI. In sakamakon yana hawa mako bayan mako, ɓangaren yana gaban kasuwa ko da duka biyun suna faɗuwa. A rubuta kuma kamfanoni nawa suka tashi, nawa suka faɗi, domin rahoton kasuwa na kullum yana kawo wannan. Ma'auni yana hawa, masu faɗuwa sun fi masu tashi yawa har makonni uku ko huɗu, alama ce tashin ba shi da faɗi. Wajen auna yawan ciniki a dubi kuɗin da aka kashe, kada a tsaya ga adadin hannaye: miliyan 100 na hannun jari mai naira ɗaya bai kai miliyan ɗaya na mai naira 500 ba.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko ƙirga sabon zubi a matsayin riba. Mutum ya fara da 500,000, ya ƙara 300,000 a tsakiyar shekara, ya rufe da 900,000, sai ya ce ya sami kashi 80. Ribarsa 100,000 ce. A raba ta da 500,000 haɗe da rabin 300,000, wato 650,000, a sami kusan kashi 15. Na biyu hannayen kyauta. In kamfani ya ba da ɗaya kan kowane huɗu, farashin naira 10 zai koma 8 ba tare da an yi asara ba, amma zanen farashi a wasu manhajoji ba ya gyara tarihin baya, sai ya nuna faɗuwar kashi 20. Na uku mantawa da kuɗin ciniki. Ma'auni ba ya biyan la'adar dillali, ko kuɗin hukumar kula da kasuwar (SEC) da CSCS, ko harajin hatimi, mai jari kuwa yana biya wajen saye da wajen sayarwa. Takardar cinikin da dillali ke turowa tana nuna su dalla-dalla, kuma farashin saye na gaskiya shi ne jimillar da ke ƙasanta a raba da yawan hannaye.

Ga masu haɗa manhajoji da dillalai, yawancin abin da ake buƙata lissafi ne da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido: nauyin kowane kamfani a ma'auni, maki nawa kowanne ya jawo a ranar, kason da ke hannun jama'a, kwana nawa cikin wata aka yi cinikinsa, da zanen farashi da aka gyara don riba da hannayen kyauta. Inda aikin ya fi wuya shi ne kamfanonin da suka bar kasuwa, kamar Union Bank a 2023 da Flour Mills a ƙarshen 2024. In manhaja ta goge tarihinsu, ta lissafa shekarun baya da waɗanda suka rage kaɗai, lambobin ɓangaren za su karkace, domin an cire kamfanonin da mutane suka zuba kuɗi a cikinsu a wancan lokaci.